Injin Markaɗena a Filin Bungudu

Waɗanda suke wurin ran nan zan iya lissafa su har yau. Daga Gusau akwai ɗana na fari, bakanike a bakin tasha, da ƙanin marigayi mijina, direban lori, da abokinsu mai facin taya. Daga Tsafe akwai wani bakanike dogo mai tabon ƙuna a bayan hannu, shi da ƙannensa biyu. Daga Bungudu akwai mai walda, da mai gyaran keke, da wani malamin firamare da suka ɗauka don ba shi da nauyin jiki. Sai alƙalin wasan, wani tsoho da ya yi aikin reluwe ya ajiye, yana rataye da usur a wuya. Sai wata Bafulatana mai tallar nono da ta zo wucewa ta kasa wucewa. Sai ni. 'Yan kallo sun taru daga baya, amma ban sa su cikin lissafi ba, don ba abin da suka kawo sai baki.

Ni inji na kawo. Ƙaramin injin fetur ne mai jan fenti, wanda ake tayarwa da igiya. Bayan rasuwar maigida na sayar da saniyar da na gada na saye shi, na kafa shi a rumfa cikin gidanmu a Tudun Wada, ina yi wa matan unguwa markaɗen wake da tattasai da geron kunu. Da shi nake ci, da shi nake ciyar da 'yan mata uku da suka rage a gabana. Ba ni da gona, ba ni da wata sana'a. Ban san sunan ko ƙarfe ɗaya a cikinsa ba, amma na san muryarsa. In yana lafiya, magana yake yi daidai, ba hawa ba sauka. In ya gaji, akwai wata 'yar ƙara siririya da take shigowa ta ƙarƙashi, kamar ana kaɗa cokali a kofin silba a ɗakin maƙwabta. Da na ji ta sai in kashe shi, ko da layin kwanuka ya kai zaure, in bar shi ya huce, in duba baƙin mai da tsinke. Shekara huɗu muna haka, bai taɓa kwana a gareji ba.

Wasan nasu ya fara ne bayan an koma tuƙin hannun dama da 'yan shekaru. Wani a cikinsu ya ga hoton abin a jikin takardar da aka naɗo kayan gyara da ita, Turawa zaune dab da ƙasa cikin wasu ƙananan motoci marasa jiki, sai suka ce su ma za su iya. Kowane gari ya haɗa tasa amalanke mai inji: ƙarfen tsohon gado, tayoyin ƙaramin babur guda huɗu, kujerar katako, sarƙa, da sitiyarin da aka rage ya koma kamar faifai. Birkin wani ƙarfe ne da ake ja da hannu ya goge taya. Kuma ba tseren wa ya riga wa ba ne. Ana tashi da hantsi, a yi ta zagaya fili har a kira la'asar, mutum uku suna karɓa-karɓa a kan amalanke ɗaya. Duk zagaye guda, alƙali ya jefa tsakuwa a ƙwaryar garinku. Waɗanda tsakuwarsu ta fi yawa su tafi da wani tsohon hon na lori, irin na roba da ake matsawa, su rataye shi a garejinsu har shekara ta zagayo. A kan wannan ne magidanta tara suke rufe wuraren aikinsu wuni guda.

Shekara biyu hon ɗin yana Tsafe. A ta uku, saura mako guda, injin tsohon babur ɗin da 'yan Gusau suka ɗora wa tasu amalanken ya mutu murus. Da la'asar ƙanin mijina ya shigo gidan ba sallamar kirki, kamar yadda ya saba, ya zauna kan tabarmata ya ja kwanon gyaɗar da nake ɓarewa.

Ya ce, “Uwargida, aure na zo nema.”

Na ce, “Wadda kake da ita ma tausayinta nake ji.”

“Jar ɗiyar taki nake so. Wadda ke rumfa tana yi wa unguwa tsawa.”

“In kana da magana ka faɗa. In ba ka da ita, ga tsintsiya can, zauren bai ga shara ba yau.”

“Wuni guda tak. Lahadi da safe mu ɗauka, kafin magariba ya dawo kan kujerarshi. Ko ƙwarzane ba za ki gani ba.”

“Wa ya aiko ka?”

Sai ya waiga wajen zaure. Na bi da ido. Takalman yaron, ɗan nan nawa na fari, suna bakin ƙofa, shi kuma yana tsugune daga ciki inda ba zan gan shi ba.

Yaran yanzu ba su san wannan ba, to bari in faɗa. Ɗan fari a wurinmu ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a duban idonsa a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya zo gaishe ni, daga zaure yake tsugunawa, in amsa da ka, ko in ce wa ƙanwarsa, “Ki ce masa lafiya lau.” In injin yana son a wanke masa fulogi, yakan zo lokacin da ya san ina ɗaki, ya gyara, ya share wurin, ya tafi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka uwata ta yi da yayana kuma ba wanda ya mutu. Tun da aka haife shi bai taɓa roƙona komai ba sai ran nan, shi ma ta bakin baffansa.

Na ce wa baffan, “Ƙafata ƙafar injin. Kuma in na ce a tsaya, a tsaya.”

Ya ce, “Ran nan ke ce sarkin tasha. Ki faɗa mini kawai, in ɗaga hula, direba ya shigo. Haka muke yi in za a canza hannu.”

Na yarda. Abin da ban auna ba shi ne wanda na yarda da shi. Tun da na shigo gidansu yana ɗan shekara goma, wasa ne tsakaninmu, kamar yadda ake yi tsakanin mace da ƙanin miji. Na ɓoye masa takalmi, ya zuba mini gishiri a kunu. Shekara talatin ban gaya masa magana ya ɗauke ta da nauyi ba, shi ma bai gaya mini na ɗauka ba.

Ran Lahadi muka tafi Bungudu a lorinsa, ni a gaba, yaron da mai faci a baya riƙe da amalanken. Bazara ce, tun da safe kujerar motar ta yi zafi. Filin wani fako ne bayan gari, an jera tsofaffin tayoyi da duwatsu an fitar da hanya mai lanƙwasa biyar, akwai wata 'yar gangara kusa da gidan tururuwa inda amalanke take ɗaga ƙafa ɗaya. Na shimfiɗa buhu gindin wata tsamiya, kusa da inda tsohon reluwe ya jera ƙoransa uku. Bafulatanar ta sauke ƙwaryarta kusa da ni ta ce minti kaɗan za ta yi.

Da yaron ya ja igiya injin ya tashi, na ji muryar ba tasa ba ce. Ta yi sama, ta yi kaifi. Na kira baffan da hannu.

“Me kuka yi masa?”

“Mi muka yi? Wanka muka yi mai.”

“Kun taɓa wani abu.”

Mai faci ne ya faɗa mini gaskiya, yana sosa ƙeya. Ya ce, “Inna, wata 'yar waya ce da ke hana shi wuce ƙima, ita muka cire. Da an gama za a mayar.”

Na koma kan buhuna. Tsoho ya busa usur, suka tashi.

Mai faci ne ya fara. Tuƙinsa na tsoro ne, yana kama birki tun kafin ya ga kwana, 'yan Tsafe suka wuce shi sau biyu kafin rana ta yi tsaka. Na Bungudu sarƙarsu ta faɗi tun a zagaye na shida, malamin firamare ya sauko yana bin ta da gudu, rigarsa ta naɗe a sitiyari, mutane suka yi ta ihu. Suka gyara, ta sake faɗuwa. Daga nan wasan ya zama na Gusau da Tsafe, su kuma 'yan gida suna zagayawa don kada a ce sun gudu.

Sai baffan ya karɓa. Ya zauna a kujerar nan gwiwoyinsa sun kai kunne, yana tuƙi kamar yana cikin lori, yana buɗe kwana tun daga nesa, yana daka wa na gabansa tsawa su ba shi hanya. Duk wucewa sai ya ɗago mini hannu ya ce, “Uwargida, kin ga mijinki?” Ni kuwa ba shi nake kallo ba. Kaina yana ƙasa, kunnena yana kan injin. Yana kuka sama da yadda na saba, amma kukan a daidaice yake.

Da aka kira azahar daga cikin gari, tsoho ya busa usur sau uku. Ƙa'idarsu ita ce kowace amalanke ta tsaya inda kiran ya same ta, a kashe inji, kuma ba mai taɓa ta har a idar da salla, don kada wani ya fake da alwala ya yi gyara. Na tashi da tsinkena zan duba baƙin mai, tsohon ya tare ni da sandarsa.

“Hajiya, a yi haƙuri. Ko ni ba na taɓawa.”

“Ni ba Hajiya ba ce, kuma injina ne.”

“Yau na Gusau ne. In kin taɓa, zan kwashe musu tsakuwa biyar.”

Na tsaya taku uku daga injin na shaƙi warinsa. Warin ƙarfe mai zafi ne, da wani abu kamar ƙaurin man gyaɗa da aka manta a wuta. Na koma na yi sallata bayan tsamiya. Bafulatanar ta ba ni nono a ludayi, ta tambaye ni ko ana biyan mutanen nan ne. Na ce a'a. Ta daɗe tana dubansu.

Bayan salla aka ba su ɗan lokaci su zuba fetur. Na ce wa baffan a duba mai. Ya tsoma yatsa a bakin ramin, ya nuna mini yatsan baƙi ƙirin, ya ce ga shi nan har ya yi yawa. Yatsa ba tsinke ba ne, bakin rami kawai yake shafowa. Kafin in faɗi haka an busa usur, yaron ya riga ya zauna.

Ban taɓa ganin yana aikinsa ba sai ran nan, don ban taɓa tsayawa inda yake ba. Ba ya kama birki. Kafin kwana sai ya ɗan saki, ya kwantar da jikinsa gefe, amalanken ta bi shi kamar an ja ta da zare. A gangarar nan inda kowa yake ɗaga taya, shi tayoyinsa huɗu suna ƙasa. Dogon Tsafe da kansa ne a kan tasu, kuma shi ma ya iya, amma yaron ya cinye tsakuwa biyun da ake bin su, ya ɗora ɗaya, ya ɗora ta biyu. 'Yan kallo suka dawo gefenmu. Wani yana cewa, “Ɗan wa ne wanga?” Na gyara lulluɓina na dubi wani wuri.

Inuwar tsamiya ta fara miƙewa gabas lokacin da na ji cokalin. Can ƙasa, siriri, sai ya wuce ta gabana sannan nake jin sa. Na bari ya sake zagayowa don in tabbatar. Yana nan.

Na ce, “Kai. Ɗaga hular.”

Baffan yana tsaye bakin hanya yana tsalle. Ya ce, “Mi?”

“Ɗaga hula. Injin ya gaji.”

“Ke ce kika gaji, tsohuwa. Ki sha nono.”

“Ba wasa nake ba.”

“Yaushe kika taɓa yin wasa? Ke da aka haifa da ɗaurarriyar fuska.” Ya juya ga mutane yana nuna ni. “Kun ji matata, wai mu tsaya muna gaba da biyu! Tsafe ta ba ta goro!”

Suka yi dariya. Ban ga laifinsu ba, muryar da na yi maganar da ita ita ce dai wadda nake ce masa ya je ya share zaure. Ba ni da wata muryar da zan yi masa magana da ita.

Na juya ga mai faci. Ya ce, “Inna, ni ban ji komai ba wallahi. Kuma hular tana hannun Baffa. Saura kaɗan a kira la'asar, ki ɗan ƙara haƙuri.”

Yaron ya sake wucewa. Yanzu cokalin ya zama biyu.

Na tashi na taka har bakin tayoyin da aka jera, inda hanya ta matso kusa. Na san abu ɗaya tabbas: in na ɗaga hannu, ko na ce “kai” kawai, zai tsaya nan take, ko da saura taku ɗaya ya ci. Bai taɓa saɓa mini ba, ko ta bakin wani. Ya fito daga gangara ya miƙo, ya gan ni tsaye inda ban kamata in tsaya ba, har ya ɗan saki, amalanken ta rage gudu. Ya dube ni. Mutane kusan ɗari suna wurin, baffansa yana gefena, abokansa suna kallo. Shekararsa ashirin da takwas, ban taɓa yi masa magana a gaban kowa ba. Hannuna yana riƙe da bakin mayafi, a nan ya tsaya. Na sunkuyar da kai kamar kullum. Shi kuma ya ɗauka abin da ya saba gani ne, ya taka ya wuce.

Bai kai ga zagayowa ba. Can ƙarshen fili, bayan kwana ta uku, aka ji ƙara ɗaya kamar an saki guduma a kan faranti, sai shiru, sai hayaƙi fari. Amalanken ta gangara kaɗan ta tsaya.

Dogon Tsafe ya wuce shi sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗu aka kira la'asar. Tsoho ya juye ƙoran a ƙasa ya ƙirga a gaban kowa, ƙannen dogon suka yi ta matsa hon ɗin nan har Bafulatanar ta toshe kunne, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi da sauran nonon da ba ta sayar ba.

Suka turo amalanken gindin tsamiya. Yaron ya ja igiya, ta ƙi jawuwa, kamar an ɗaure ta a jikin dutse. Ya kwance murfin mai ya karkata injin, abin da ya fito bai cika cokali uku ba. Ya tsuguna nesa da ni, bayansa rabi a wajena, ya ce wa baffansa, “Ka ce mata zan gyara. Ka ce mata ban ji ba, iska ta cika mini kunne.”

Baffan ya juyo wajena. Hular tana hannunsa, ya murɗe ta kamar tsumma. Ya ce da ni, a hankali, da wata murya da ban san yana da ita ba, “Yaya, da gaske kike ashe.”

Na ce, “Ka ce masa na ji.”

Dogon Tsafe ya zo ya gaishe ni, ya duƙa ya shinshina injin, ya girgiza kai. Ya ce wasu ƙarafan ciki, wai ringi da fistin, sun tafi, wataƙila har da abin da ke ƙarƙashinsu, sai an buɗe. Ya tambayi mazan ko ya yi wata ƙara kafin ya buga. Duk suka ce ba su ji ba. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ce ba. Muka ɗora kaya muka koma Gusau da sauran rana. Na sa aka sauke injin a rumfata, ba a gareji ba.

Washegari da sassafe 'yan mata suka fara zuwa da kwanukan wake. Na tsaya a zaure, duk wadda ta zo in nuna mata hanyar gidan mai injin da ke bayan masallaci, in ce ta gaya wa uwarta sai an kwana biyu. Da suka ɗauke ƙafa, na naɗe injin a buhu biyu na ɗaure da igiyarsa, na sa mai amalanke ya kai mini tasha ta ƙofar da ba ta bi ta gaban garejin yaron ba. Na shiga motar Funtuwa, injin a tsakanin ƙafafuna, na sauka a Tsafe. Dogon yana ƙofar garejinsa a bakin titi yana shan koko, hon ɗin a rataye bisa kansa. Ya miƙe da sauri ya ba ni benci.

Na ce, “Zauna. Jiya ka yi tambaya ba a ba ka amsa ba.”

Na kwance buhun, na zauna daidai gabansa, na dube shi, na yi masa ƙarar injin da bakina tun daga inda ta fara.